Ƙullin da Na Jefa a Ruwan Ikko

Abu na farko da na yi da na sauka Ikko, tun kafin in nemi abinci, shi ne sayen akwati. Na iso da ƙunshi a kai, tufafina a naɗe cikin tabarmar kaba, an ɗaure da igiyar rama. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya ɓarke, samari suna yawo da rediyo a hannu da wando mai faɗin ƙafa. Duk wanda na gitta a tasha sai in ga kamar ƙunshina yake kallo.

Mahaifina ne ya ɗaure kayan. Sunansa Nomau, mutumin Tafoki ta ƙasar Faskari. Sana'arsa tufka igiya da saukar da masu yasar rijiya. Daga Mairuwa har Sabuwa, in rijiya ta cushe shi ake aika wa. Shi ba ya shiga, shi ne mai ɗaure wanda zai shiga. Yana da wani ƙulli nasa mai zobe biyu, ɗaya a ƙarƙashin cinya, ɗaya a ƙarƙashin hammata. Ba ya shaƙe mutum, ba ya zamewa ko igiya ta jiƙe, kuma in an gama aiki da babban yatsa kawai yake tura shi ya warware. In ya ɗaure mutum sai ya ja ƙullin sau ɗaya da ƙarfi, ya buga masa kafaɗa sau biyu. Bugun nan shi ne izinin sauka. Kuma yana da ƙa'ida: ba ya barin ƙulli ya kwana a jikin igiya. Yakan ce ita ma tana son hutu.

Sau uku ya zaunar da ni zai koya mini. Ni kuwa na yi firamare a Faskari, ina jin ɗan Turanci, ina ganin na wuce rama. A na ukun na ce masa, "Baba, igiyar roba ta cika kasuwar Funtuwa. Gwamnati ma famfo za ta kawo. Wa zai ƙara neman wanga abu?" Ya dube ni, ya tura yatsa ya warware, ya rataye igiyarsa. Bai sake kira na ba.

To, wannan ƙullin na rijiya ne na gani a kan ƙunshina, a bakin ruwan Ikko, ranar da na sayi akwati. Na ja, na murɗa, na sa haƙori. Ban san inda ake turawa ba. Sai na ciro reza na yanke igiyar ta gefe biyu. Ƙullin ya faɗo a tafin hannuna kamar ɗan ƙaramin dunƙule, na jefa shi cikin ruwa. Ina so in rubuta wannan yadda yake: daɗi na ji a lokacin.

Bakin jirage

Wata biyu ina dako a tashar jiragen ruwa. Jiragen siminti sun yi layi a kan teku har inda ido ya ƙare, wasu sun yi watanni suna jiran a sauke su. A nan na haɗu da wani dogon mutum mai jin Hausa, kowa yana ce masa Dogo. Ya ce ya sha zuwa ƙasar Turawa, kuma akwai jirgin da ke neman lebura.

"Ƙanena, in an tambaye ka ko ka iya igiya, ka ce ka iya. Sauran ka bar mini."

Ya kai ni wurin shugaban leburorin jirgin, wanda suke kira bosin, wani dattijo mutumin Gana. Ya tambaye ni. Na buɗe baki na ce, "Ubana mai igiya ne. A cikin igiya aka haife ni." Sana'ar da na raina, da ita na sami aiki.

Yarjejeniyarmu da Dogo mai sauƙi ce. Duk ɗaurin da aka sa ni, shi yake yi a ɓoye. Ni kuma nake yi masa wanki da goge-goge da duk aikin da ba ya so.

Teku

Babban ruwan da na sani a duniya shi ne na Mairuwa, wanda kana wannan gefe kana jin muryar mai kiran shanu a wancan gefe. Kwana biyu da tashinmu ƙasa ta ɓace gaba ɗaya. Na zagaya jirgin ina duba ko'ina, babu itace, babu tsuntsu, babu hayaƙin gari. Ruwa ne ya haɗu da sama kamar an kife ƙwarya a kan faifai. Na ga kifaye masu fiffike suna tashi. Na ga wani abu baƙi da ya fi rumbun Baba girma ya fito ya fesa ruwa sama ya koma. Na tsaya ina ta tasbihi har bosin ya daka mini tsawa. Ko alƙibla sai da na roƙi wani ya duba mini a wata na'ura, domin jirgin yana juyawa ba ka sani ba.

Igiyoyin da ake ɗaure jirgi da su kaurinsu ya kai cinyar mutum. Nakan shafa su in ce a raina, da Baba zai ga wannan. Sai kuma in kori tunanin.

Da muka yi arewa sanyi ya fara shiga ƙashi. Rana ta koma kamar fitilar da mai ya kusa ƙare mata. A haka muka shiga Libaful, a ƙasar Ingila.

Kwana uku da isowarmu bosin ya ce a yi wa gefen jirgi fenti. Ana rataya katako da igiya biyu, mutum ya zauna a kai. Na nemi Dogo, aka ce ya fita gari. Bosin yana tsaye yana kallo na.

"Ɗan mai igiya, ɗaura mana."

Na ɗaura yadda ake ɗaure akuya a turke, na ƙara ƙulli biyu a kai don ya yi kama da abin kirki. Igiyar roba ce, ga ta a jiƙe. Na zauna, aka sassauta ni ƙasa. Ban tsoma buroshi sau uku ba na ji gefe ɗaya yana sulalewa a hankali. Na ga bakin igiyar yana fita daga ƙullin da idona. Na faɗo a kan dakalin tasha, ƙafata ta dama ta karye wuri biyu.

Asibiti

Bosin ya zo duba ni sau ɗaya. Ya zauna a bakin gadona.

"Ka ce mini ubanka mai igiya ne."

"Gaskiya ne, Oga."

"Na yarda. Shi ne mai igiya. Da wani na ɗora a katakon nan fa?"

Ya tashi ya fita.

Dogo ya zo da lemo guda biyu. Ya ce kada in damu, akwatina yana hannunsa, gobe zai kawo mini. Washegari jirgin ya tashi. Akwatin da na yanke ƙullin Baba dominsa ya tafi da Dogo, ban sake ganin ko ɗayansu ba.

Wata Juma'a wani tsoho mai jan gemu ya shigo yana bi gado gado yana sallama, yana sauraron wanda zai amsa. Na amsa da ƙarfi har ma'aikaciyar jinya ta juyo. Sunansa Ammi Saleh, mutumin Yaman, yana da gidan saukar ma'aikatan jirgi. Duk Juma'a haka yake yi, ko jirgi ya tafi ya bar wani Musulmi a baya. Da aka sallame ni ya zo da kwat da takalmi ƙafa ɗaya, domin ɗayar tana cikin filasta.

Gidan Ammi Saleh

Aikina a gidan yankan albasa da feraye dankali, ina zaune, har a samo mini jirgin komawa. Ruwan sama kullum, siriri, ba ya tsayawa, ba ya kuma yin ƙarfi. Nakan rufe ido in ga tuwon dawa da miyar kuka na yayata Lami. Da aka tambaye ni aikin ubana a wurin cin abinci, na ce babban Alhaji ne mai sayen auduga a Daudawa, yana da motoci. Na ɓoye har sunansa, domin suna ne na mutanen karkara irin namu, waɗanda ba su daɗe da shiga Musulunci ba. Ƙafa a karye, tufafin sadaka a jikina, amma ban daina ƙarya ba.

Akwai wani Bature maƙwabci da ke shigowa kowace safiya shan shayi mai kayan yaji. Tsohon ma'aikacin jirgi ne, yatsu uku suka rage a hannunsa na hagu. Ya ce in kira shi Tom kawai. Bakina ya kasa, mutum ya girmi ubana. Na riƙa ce masa Baba Tom, ya tambayi ma'anar, aka gaya masa, ya yi ta dariya, sunan ya zauna. Kullum akwai guntuwar igiya a hannunsa. Yana magana, yana shan shayi, yatsun nan suna ƙullawa suna warwarewa ba ya ko dubawa.

Wata safiya ya ga ina ɗaure bakin buhun dankali. Ya matso ya leƙa.

"Juma, wannan ne ya karya maka ƙafa?"

Sunana Ɗanjuma, su suka gajarta shi. Na ce masa irinsa ne.

Ya ja bakin igiyar da yatsa ɗaya, dankali ya watse a ƙasa. "To ka gode wa Allah da bai karya maka wuya ba. Ranar Asabar bayan azahar ɗinku ka shirya. Zan kai ka inda za a yi maka magani."

Ɗakin sama

Na ɗauka wurin wani mai ɗori zai kai ni. Sai ga mu a wani tsohon gini kusa da tasha, ina hawan bene da sanduna, yana tura ni ta baya. Ya buɗe ƙofa.

Na ga abubuwa a tafiyar nan, amma babu inda na tsaya baki buɗe kamar ɗakin nan. Bango huɗu, daga ƙasa har sama, alluna ne, kowane allo cike da ƙulle-ƙulle an kafe su da ƙananan ƙusoshi, kowanne da 'yar takarda a ƙasansa. Akwai mai kama da fure, akwai mai kama da ƙwallo, akwai wanda ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta sai da gilashi ake ganinsa. Na masunta, na masu hawan dutse, na makiyaya, na masu saƙa. Ɗakin yana ƙanshin kwalta da igiya. Mutum kusan ashirin, maza da mata, kowa da igiya a wuya kamar carbi.

Baba Tom ya ce ƙungiya ce ta masu son ƙulli. Waɗannan na kusa ne kawai. Sauran suna ƙasashe daban-daban, ta wasiƙa suke zumunci. Ya jawo wani kwali ya nuna mini ambulan da kan sarki iri-iri, daga Japan, daga Indiya, daga Amurka, daga wasu ƙasashen ƙanƙara da ban taɓa jin sunansu ba. Cikin kowace ambulan akwai ɗan ƙulli da zanen yadda ake yinsa. Wani ya rubuto shafi huɗu a kan ko bakin igiya ta dama ya kamata ya fito ko ta hagu.

A tsakiyar ɗakin wata mata mai furfura ta durƙusa a ƙasa gaban wani masunci mai faci a gwiwar wando, yana nuna mata, tana kuskurewa, yana buge mata hannu. Baba Tom ya raɗa mini cewa likita ce, mai yi wa mutane tiyata.

Na ce, "Baba Tom, wa ke biyan ku?"

Ya maimaita tambayar da ƙarfi, ɗakin ya fashe da dariya.

"To me ya sa kuke yi?"

Ya ɗauko wani ƙulli ya ɗora mini a hannu. "Wannan, wani mutum ne ya zauna ya yi tunaninsa. Wataƙila ɗansa ne ya faɗa ruwa, ya ce ba za a sake ba. Ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsu ba. Abin da ya rage nasa ke nan. In mutum na ƙarshe da ya iya shi ya mutu, shi ke nan, kamar ba a yi ba."

A bango akwai taswirar duniya, an soka allurai a duk inda aka aiko musu da ƙulli. Likitar ta kama hannuna ta ce in nuna garinmu. Na nemo Kano, na ɗan matsa yamma. Wurin fayau, babu allura ko ɗaya.

"Me kuke ɗaurawa a can?"

Na ce, "Ba komai, Madam. Igiyar roba muke saye."

"Ruwa fa? Daga ina kuke sha?"

"Rijiya."

"In ta cushe wa ke shiga? Da me ake riƙe shi?"

Ban san lokacin da bakina ya kama zuba ba. Da guntun Turancina da hannu da ƙafa na kwatanta musu: zurfin gaba ashirin, zobe biyu, ba ya shaƙewa, ba ya zamewa, yatsa ɗaya ke warware shi. Kafin in gama sun kewaye ni. Masuncin ya ɗauko igiya ya ɗaura mini wani iri a jiki. Na duba na ce ba shi ba ne. Baba Tom ya yi nasa. Likita ta buɗe wani littafi mai kauri, aka gwada na ciki har guda huɗu. Duk suna da kyau, amma na girma ina ganin na Baba a ƙirjin mutane. Fuskarsa layi uku ne a jere kamar kunyoyin gona, bayansa kuma gicciye. Babu mai wannan fuskar a cikinsu.

Masuncin ya zauna yana sosa kai. Baba Tom ya zagaya bangon nan huɗu a hankali, ya dawo.

"Ba mu da shi," ya ce. "Juma, ba mu da shi. Wa ke yinsa?"

"Wani tsoho ne a ƙauyenmu."

"Yana da rai? Ya koya wa wani?"

Mutum ashirin, har da mai tiyata, suna jiran labarin wani tsoho mai tufka rama a gindin bishiyar bedi kamar labarin wani babban malami. A nan ƙaryata ta ƙare.

"Ubana ne. Ba shi da mota, ba ya sayen auduga. Sau uku ya so ya koya mini na ƙi. Ya ɗaure mini kaya da shi ranar da zan taho."

"Yana ina? Ka zo da shi?"

"Na yanke shi da reza na jefa a ruwa."

Maganar auduga ba ta dami kowa ba. Yankan ne. Likitar ta dafe baki. Baba Tom bai yi mini faɗa ba. Ya je wurin wani allo, ya matsar da ƙulli biyu gefe, ya kafe farar takarda babu rubutu a tsakiyarsu.

"Nan wurinsa ne. Za mu jira."

Sati shida na ƙara a garin, kuma kowace safiya bayan shayi Baba Tom yana koya mini abu ɗaya. Ya ce wataƙila in tarar da ƙullin ba tare da mai shi ba, don haka dole in iya karanta ƙulli ba tare da na warware shi ba. Ana sassauta shi kaɗan kawai. Sai a sa jan zare a lanƙwasasshiyar waya, a bi gefen igiyar da shi duk inda ta shiga. Duk inda ta hau kan 'yar'uwarta ko ta bi ƙarƙashi, a zana a takarda. In an gama, a ɗauki wata igiya a ƙulla daga zanen, a gwada gaba da baya. Ya yi ta ƙulla mini ina karantawa, in na yi gaggawa ya buge mini hannu da yatsun nan uku. Ranar da Ammi Saleh ya samo mini aikin kicin a jirgin da zai koma Ikko, Baba Tom ya ba ni zaren da wayar da ɗan littafi. Ammi Saleh ya ba ni dabino da addu'a. Duk kayana ke nan.

Tafoki

Yaya Lami na tarar a ƙofar gida tana sussuka. Ta dubi ƙafata, ta dubi hannuna.

"Ɗanjuma? Ina akwatin Turai? Ko shina tahe a mota?"

"Yaya, ina Baba?"

Ta ajiye taɓarya. "Shiga ka gani."

Yana kwance a zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Na durƙusa na gaishe shi. Idonsa ya sauka a kan ƙafata ya daɗe a can.

Yaya Lami ta ce wata huɗu ke nan. A bakin rijiyar unguwa ya faɗi, ana gama fito da Malam Iro mai yasa. Malam Iro ya zare zoben ta kansa ya yi kan Baba, aka kwaso shi gida, igiyar ma aka kwaso ta yadda take. Ta nuna mini sama. Tana rataye a jikin azara, ƙullin yana nan, layi uku a jere.

"Shi kaɗai ya rage a duniya," ta ce. "Ka san ba ya bari ya kwana. Sau biyu kawai na ga ya bari, wanga da na kayanka. Halan ka san mi ya sa ya ɗaure maka kaya da na rijiya?"

Na girgiza kai.

"Kai dai wawa ne tun kana ƙarami. Wanda ake so a jawo shi ya dawo sama ake ɗaura ma wa."

Na fita bayan gida na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ƙafata ta karye.

Rijiyar kuwa ta sake cushewa bayan damina. Mata suna tafiya rafi mai nisa. Malam Iro ya rantse ba zai sauka a ɗaurin kowa ba sai na Nomau. Famfon da na yi alfahari da shi bai zo ba.

Washegari na sauko da igiyar na zauna inda Baba zai iya gani na. Da na kai hannu kan ƙullin ya yi wani gurnani, Yaya Lami ta taso da sauri.

"Kul ka warware shi! In ka warware ka kasa maidawa fa?"

"Ba zan warware ba, Yaya. Karanta shi zan yi."

"Karatu? Yau ga boko a kan igiya."

Ramar ta bushe ta yi tauri. Na yayyafa mata ruwa, na sassauta kaɗan, na fara bi da jan zare. Kwana uku ina yi. Maƙwabta suna leƙowa suna cewa Turai ta taɓa wa Ɗanjuma kai. Baba bai ɗauke ido daga hannuna ba. A rana ta uku na ƙulla nawa daga zanen. Fuskar ta fito, layi uku. Na miƙa masa ina murna. Ya karɓa da hannun hagu, ya juya bayansa, ya danna wuri ɗaya da farce, ya jefo mini shi a cinya. Na koma kan zanen. A mahaɗa ta bakwai na zana sama, alhali ƙarƙashi igiyar ta bi. Da na sauka rijiya da wannan, da ƙafa ta biyu ta tafi, ko abin da ya fi ƙafa. Na gyara na sake miƙa masa. Ya juya, ya juya, bai jefo ba.

Na je wurin Malam Iro. Ya ce, "Ɗan nan, na ji yadda ka faɗo daga jirgi. Ina da iyali."

Gaskiyarsa. Na ce to ni zan sauka.

"Da wagga ƙafa?" in ji Yaya Lami. "Ka dawo ne ka ƙarasa kanka a gabanmu?"

Amma ita ce ta sa aka ɗauko Baba a kan gadon kara aka kai shi bakin rijiya da hantsi. Unguwa ta taru. Na ɗaura wa kaina da sabuwar rama daga cikin wadda ya tufka kafin ya kwanta, zobe ɗaya a cinya, ɗaya a hammata. Maza huɗu suka riƙe igiya. Sai na ga babu wanda ya motsa. Malam Iro da kansa yana kallon gadon. Shekara talatin ba a taɓa sauka rijiyar nan ba sai da izini.

Na ja jiki na durƙusa a gabansa. Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya kama ƙullin a ƙirjina, ya ja. Akwai sauran ƙarfi a hannun, har sai da na sunkuya. Ƙullin bai motsa ba. Ya sake shi. Hannun ya hau kafaɗata, ya buga sau ɗaya, ya huta, ya buga na biyu.

Aka sassauta ni. Haske yana raguwa, sanyin ƙasa yana tasowa, muryoyi suna nisa. Ina jiran in ji sulalewar nan da na sani, ban ji ba. Abin ya riƙe ni ta ƙasa da ta sama kamar yadda ake ɗaukar jariri. Da ƙafata ta taɓa laka na ɗaga kai. Sama ta koma kamar farin faifai, kawunan mutane kewaye da ita, igiya ɗaya ta miƙe daga ƙirjina har can. Na ga teku, na ga ɗakin Baba Tom, amma a gindin rijiyar unguwarmu na san girman abin da aka so a ba ni kyauta na ƙi. Guga arba'in na laka na cika kafin a jawo ni. Da na fito na tura babban yatsa, ya warware. Malam Iro ya karɓi igiyar ya ce gobe shi zai ƙarasa.

Na ƙulla wani da siririyar rama, na kwafe zanen, na tafi gidan waya a Funtuwa. Tun a Libaful Baba Tom ya ce in zan aiko in rubuta sunan ƙullin. Na tambayi Yaya Lami, ta ce ba shi da suna, Baba dai yakan ce a kawo igiya. Na tsaya a kan teburin gidan waya na rubuta da manyan baƙaƙe: NOMAU NA TAFOKI. A ƙasa na ƙara: ubana.

Bayan wata uku amsa ta zo, da hoto a ciki. Ga allon, ga ƙullin a wurin da aka bar masa, ga sunan a takarda. Mutanen ɗakin sun jeru a gefe, likita da masunci kowanne ya ɗaga nasa da ya ƙulla. Baba Tom ya rubuta cewa an aika zanen ƙasa goma sha ɗaya, kuma an soka allura a yamma da Kano.

Na kai wa Baba. Bai kula mutanen ba, bai kula rubutun ba. Ya kawo hoton kusa da ido ya daɗe yana duban ƙullin. Sai na ga ya ɗora babban yatsa daidai inda ake turawa, yana dannawa.

Na ce, "Baba, wanga ba za a warware shi ba. Sun ce a bar shi ya kwana."

Ya ɗauke yatsan. Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Ya tura hoton ƙarƙashin matashinsa, kuma a nan muka same shi ranar da ya rasu.